Masussukar Bayanai: Yadda Ake Tace Lissafin Ƙungiya Kafin A Gina Dunƙulen Nazari

A kakar bara, bayan sallar la'asar, shugaban ƙungiyarmu ta masu sayen riɗi da zoɓo ya zauna a benci a ƙofar sito ya ce da ni: "Malam, duba mana na'urar nan taka. Riɗi nawa muka saya a Gujungu daga farkon kaka zuwa yau? Kuma ina ya fi sauƙi, can ko Maigatari?" Na buɗe rahoton da na yi kwana uku ina haɗawa. Kasuwanni biyar muke ci, amma rahoton ya jero goma sha ɗaya. Haɗeja kaɗai ta fito sau uku: Hadejia, Hadeja, Haɗeja. Kuɗin da aka ce mun kashe ya zarce na littafin ma'aji, domin wani wakilinmu ya turo fayil ɗaya sau biyu ranar da sabis ya yi ta ɗaukewa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa Juma'a." Ya yi jim, ya ce, "To, Allah ya kai mu," ya tashi. Jim ɗin nan ya tsaya min a rai, domin da wannan lissafi ne za a yanke inda mota za ta nufa da kuɗin jama'a.

Abin da na yi shi ne na yanko gero daga gona na nufi tukunya da shi. Ban biya masussuka ba, inda ake sussukewa, a sheƙe, a tsince tsakuwa, sannan a auna. A aikin bayanai ma akwai irin wannan fili tsakanin gona da rumbu. Masana suna ce masa sitejin, ni kuwa masussuka nake kiransa, kuma a kansa wannan jagora ya tsaya.

Menene dunƙulen, me kuma ya haɗa shi da tebur

Dunƙulen nazari, wanda ake kira kiyub, lissafi ne da aka riga aka tara ta fuskoki da yawa a lokaci guda. Ɗauki dunƙulen magi a tafin hannunka. A ce tsawonsa kasuwa ce, faɗinsa irin amfanin gona, kaurinsa kuma wata. Kowane ɗan gurbi a cikinsa yana riƙe da amsa guda: kilo nawa na riɗi aka saya a Gujungu a Nuwamba, kuma nawa aka biya. Fuskokin suna iya wuce uku, sunan ne kawai ya tsaya a nan. Masanin kwamfuta Edgar Codd ne ya yaɗa sunan OLAP ga irin wannan nazari ta fuskoki da yawa a 1993, kuma shi ɗin ne dai tun 1970, yana aiki da IBM, ya kawo tsarin ajiye bayanai a tebura masu alaƙa da juna ta hanyar lambobin shaida.

Dunƙule ba ya tambaya, abin da ka ba shi yake tarawa. In ka ba shi Haɗeja uku, zai tara maka kasuwanni uku da zuciya ɗaya. Tebur mai alaƙa kuwa ana iya sa masa doka: wannan gurbi kwanan wata kaɗai yake karɓa, wannan lamba ba ta maimaituwa, wannan kasuwa dole ta kasance cikin jerin da muka sani. Shi ya sa ake yin tacewar a can. Me zai hana a yi tacewar a Excel? Ba wuri ne matsalar ba: Excel yana ɗaukar layi 1,048,576 a shafi ɗaya, ƙungiya irin tamu ba za ta cika shi ba ko a shekaru masu yawa. Damuwar ita ce gyaran hannu ba ya barin sawu. Ka gyara yau, mako mai zuwa sabon fayil ya zo da kuskuren jiya, kai kuma ka manta abin da ka taɓa.

Kayan aiki ba su da yawa: kwamfutar cinya, PostgreSQL, manhajar ajiye bayanai a tebura masu alaƙa, wanda kyauta ne kuma yana aiki ba tare da intanet ba, sai wutar sola ko batirin da zai riƙe ka awa biyu. Na zaɓe shi ne domin tun fitowar 9.5 a 2016 yana da umarnin CUBE, wanda ke gina dunƙule. A cikin takwarorinsa, SQLite ba shi da shi, MySQL kuma ROLLUP kaɗai gare shi, wanda bai kai CUBE tarawa ba.

Mataki na ɗaya: tsayar da ƙwaya

Tun ran gini tun ran zane. Kafin ka taɓa kwamfuta, zauna da shugaba da ma'aji da mai kula da sito, ka rubuta tambayoyin da suke yi da bakinsu. Daga nan ka yanke abin da layi ɗaya zai wakilta a babban teburinka. Wannan ita ce ƙwaya. Tamu ita ce: saye ɗaya, na amfani ɗaya, daga mutum ɗaya, a kasuwa ɗaya, a rana ɗaya. Ka zaɓi mafi ƙanƙantar ƙwayar da kake iya samu. Daga ƙwaya ana iya tara buhu, amma in jimillar mako kawai ka ajiye, ranar da aka tambaye ka me ya faru ranar Alhamis ba ka da ta cewa. Kuma kada ka gwamutsa ƙwaya biyu a tebur ɗaya. Saye daban, kayan da ke kwance a sito daban.

Mataki na biyu: zuba ɗanye, kada ka taɓa shi

Bayananmu ta hanya uku suke zuwa. Wakilai biyu suna cike fom a waya ta manhajar KoboToolbox, wanda ke aiki ko babu sabis ya tura daga baya. Ɗaya yana turo Excel ta WhatsApp. Sauran kuma littafi ne, wani yaro yake kwafewa ranar Asabar. Kowace hanya ka yi mata teburinta na ɗanye, kuma kowane gurbi a ciki ya zama na rubutu zalla, wato TEXT, har kuɗi, har kwanan wata.

Mutane suna mamakin wannan, amma akwai dalili. In ka ce gurbin nauyi lamba kaɗai yake karɓa, wakili kuma ya rubuta "buhu 2 da rabi", lodin gaba ɗaya zai tsaya, ko kuma ka goge layin don ka samu ka wuce. Lambar waya ma in an ɗauke ta a matsayin adadi, sifirin farko yakan faɗi, 0803 ta koma 803. Karɓi komai yadda ya zo. Sai ka ƙara gurabe uku naka: sunan fayil, lokacin da ka loda, da lambar zubi, wadda kowane lodi yake da tasa. Da su za ka bi sawun kowane adadi har hannun wanda ya rubuta shi.

Ka adana fayilolin a tsarin CSV UTF-8, wato rubutu zalla mai riƙe baƙaƙenmu masu lanƙwasa, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamomin tambaya. Sunayen tebura kuwa na fi son a rubuta su da baƙaƙe marasa lanƙwasa, kamar danye_saye, don sauƙin bugawa.

Doka ɗaya ce a nan: teburin ɗanye ba a gyara shi, ba a goge komai a cikinsa. Ƙari kawai ake yi. Duk ranar da ka gano dokar tacewarka ta karkace, daga gare shi za ka sake gina komai.

Mataki na uku: sussuka da shiƙa

Nan ne gumin yake, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Za ka rubuta umarnin SQL, harshen da ake ba PostgreSQL umarni da shi, da ke karanta ɗanye ya zuba a tebur na biyu, tsabta_saye, wanda shi kuma yake da dokoki masu tsauri.

Fara da sunaye. Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27, kuma da wuya ka samu wadda ake rubuta ta iri ɗaya a ko'ina. Kafin Hausa takan zo a K/Hausa, Malam Madori a M/Madori, Birnin Kudu a B/Kudu. Riɗi yakan zo a ridi, zoɓo a zobo ko zoɓorodo ko soɓorodo. Kada ka cusa waɗannan gyare-gyare cikin umarninka ɗaya bayan ɗaya. Yi ɗan tebur mai gurbi biyu, yadda aka rubuta da yadda ya kamata, ka kira shi taswirar_suna. Kafin a duba taswirar, a mayar da rubutun ƙananan baƙaƙe, a datse sararin gaba da baya. Sabon salon rubutu in ya ɓullo, layi ɗaya za ka ƙara a taswira, shi ke nan har abada. Wani alherin kuma shi ne ma'aji da kansa zai iya karanta wannan tebur ya ce maka, "A'a, wannan ba Gumel ba ce, wani ƙauye ne a gefenta."

Sai awo, wanda ya fi komai wahalar da ni. Buhu ba nauyi ba ne, mazubi ne. Buhun riɗi da buhun zoɓo ba su kusa da juna a sikeli, domin busasshen zoɓo ba shi da nauyi, kuma ya danganta da yadda aka danna shi. Kwano da tiya ma sukan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Kada ka ari adadi daga bakin kowa. Ɗauki sikelinku ka je kasuwar, ka auna kwano goma na kowane amfani, ka raba. Ka rubuta a teburin awo: kasuwa, amfani, mazubi, kilo, da ranar da wannan awo ya fara aiki. A teburin tsabta komai ya koma kilo, amma ka bar ainihin abin da aka rubuta a gefensa, ka kuma sa alama ko an ɗora kayan a sikeli ne ko kiyasi aka yi. Wata rana za a yi musu a kan rarar nauyi tsakanin abin da aka saya da abin da aka sauke a kasuwar Dawanau ta Kano, kuma wannan 'yar alama ce za ta raba gardama.

Kwanan wata yana da tarkonsa. Mu in mun rubuta 03/11/2024, 3 ga Nuwamba muke nufi. Kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka za ta karanta 11 ga Maris, ta ɗauke cinikin tsakiyar kaka ta kai shi bazara ba tare da ta yi ƙara ba. Faɗa wa PostgreSQL tsarin da bakinka, da to_date da 'DD/MM/YYYY', kada ka bar shi ya yi hasashe. Ka kuma sa doka: ranar da ba ta zo ba tukuna ba ta shiga.

Kuɗi kuma a cire masa waƙafi da alamar naira, "dubu 85" ta zama 85000. Maigatari bakin iyakar Nijar take, don haka in an yi wani ciniki da sefa, a rubuta irin kuɗin da canjin ranar a gurabe daban, sannan a fitar da naira.

Na ƙarshe shi ne maimaici. KoboToolbox yana ba kowane fom da aka tura lambarsa ta daban a gurbin _uuid, sai ka ce wa tebur wannan lamba ba ta shiga sau biyu. Na littafi kuwa lambar rasiɗi haɗe da sunan wakili ce za ta tsaya a madadinta. In ba ku da rasiɗi mai lamba, ku buga, ya fi kowace dabarar kwamfuta. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne goge layi biyu don kawai sun yi kama. Manomi ɗaya yana iya kawo buhu ɗaya da safe, ya koma gida ya kawo wani da yamma a farashi ɗaya.

Mataki na huɗu: kwandon jira

Layin da ya karya doka kada ya ɓace. A tura shi teburin jira tare da dalili a rubuce: ba a san kasuwar ba, babu nauyi, farashi ya ninka na makon jiya sau goma. Kowane layi a nan haƙƙin wani ne, ko manomin da aka biya ko wakilin da zai ba da bahasin kuɗi. Ka kira wakilin a waya. Gyaran da ya ba ka ya shiga taswira, ko teburin gyara mai ɗauke da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa.

Mataki na biyar: ɗaura tauraro

Yanzu za ka jera tsabtatattun bayanai a siffar da dunƙule yake so. Ralph Kimball ne ya yaɗa wannan tsari, musamman daga 1996: babban tebur ɗaya a tsakiya mai ɗauke da adadi, wato kilo da naira, kewaye da ƙananan tebura na fuskoki, kasuwa, amfani, rana, wakili, mai kaya. In ka zana shi a takarda kamar tauraro yake.

Kowace fuska ka ba ta lambar shaida taka ta kanka, 1, 2, 3, wadda ba ta da wata ma'ana. Kada ka dogara da suna ko lambar waya, suna canzawa. A fuskar kasuwa ka sa matakai, kasuwa, ƙaramar hukuma, jiha, don a iya hawa daga Gujungu zuwa Taura zuwa Jigawa. Fuskar rana kuwa ka yi mata hidima sosai, layi ɗaya ga kowace rana: mako, wata haɗe da shekara, ranar mako, damina ce ko kaka ko rani ko bazara, watan Musulunci, ko azumi ne, ko jajibirin salla. Kalandar da ta zo da manhaja ba ta san kaka ba, alhali ita ce shekararmu.

A kowace fuska ka ajiye layi mai lamba 0 da sunan "Ba a sani ba". Idan sayen gaskiya ne amma an manta rubuta mai kayan, ya rataya a wannan layi. In ba ka yi haka ba, haɗin tebura zai yar da shi a ɓoye, jimilla ta ragu, ba wanda ya gani.

Akwai kuma batun sauyi. A ce wakilin da ke shiyyar Haɗeja an mayar da shi Gumel a Janairu. In ka goge tsohuwar shiyya ka rubuta sabuwa, duk abin da ya saya bara zai bi shi Gumel, tarihi ya gurɓace. Rufe tsohon layinsa da ranar ƙarewa, ka buɗe masa sabo da sabuwar lamba da ranar farawa. Cinikin da ya wuce ya zauna da tsohuwar lamba.

Lambobin wayar manoma da na asusun bankinsu kuwa kada su ƙetara masussuka. Dunƙule ba ya buƙatarsu, kuma shi ne ake turawa hannu da hannu. Amana ce tun kafin dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta zo ta ƙarfafa ta.

Mataki na shida: zauna da ma'aji

Kafin ka gina komai, yi lissafi biyu. Na farko, yawan layukan ɗanye dole ya yi daidai da na tsabta, da na kwandon jira, da maimaicin da aka ware, in an haɗa su. Ko ɗaya ne ya ɓace, nemo shi. Na biyu, jimillar naira ta kowane mako ta yi daidai da littafin ma'aji. Ranar Alhamis ɗin makon da na ba ku labari, a tabarma muka yi wannan da shi, yana karanto littafi ina bin allon kwamfuta da yatsa. Mako ɗaya ya ƙi daidaita. Ashe kuɗin dako da na lebura wani wakili yake haɗawa cikin kuɗin kaya, sauran kuma suna warewa. Babu umarnin da zai gano wannan, sai mutumin da ya ƙirga kuɗin da hannunsa. Muka buɗe wa dako gurbinsa. Washegari bayan an sauko daga masallaci na kai wa shugaba amsarsa a takarda ɗaya, kasuwanni biyar cif.

Mataki na bakwai: gina dunƙulen

Bayan duk wannan, ginin kansa ɗan gajere ne. Jim Gray da abokan aikinsa ne suka gabatar da umarnin CUBE a 1996, kuma ga yadda yake a wurinmu:

SELECT k.suna AS kasuwa, a.suna AS amfani, r.wata,
SUM(s.kilo) AS kilo, SUM(s.naira) AS naira
FROM saye s
JOIN kasuwa k ON k.lamba = s.kasuwa
JOIN amfani a ON a.lamba = s.amfani
JOIN rana r ON r.lamba = s.rana
GROUP BY CUBE (k.suna, a.suna, r.wata);

Fuska uku tana ba da tari iri 8, tun daga mafi ƙanƙanta har jimillar komai. Huɗu 16, goma kuwa 1,024, don haka kada ka zuba duk fuskar da kake da ita, sai waɗanda tambayoyin mataki na ɗaya suka nema. Ajiye sakamakon da CREATE MATERIALIZED VIEW, ka riƙa sabunta shi da REFRESH. Inda ka ga NULL, alamar gurbi fayau, a sakamako, ma'anarsa "duka". Nan ma layin "Ba a sani ba" ya yi rana, domin ya hana gurbin da aka bari fayau ya yi kama da jimilla. In ka fi son jan fuskoki da hannu, haɗa Excel da teburan tauraron ka yi amfani da PivotTable ko Power Pivot. Manyan ma'aikatu sukan ɗora Analysis Services na Microsoft a kai, amma shi ma daga irin waɗannan tebura yake sha.

Kula da abin da ake tarawa da wanda ba a tarawa. Kilo da naira suna taruwa ta kowace fuska. Farashi ba ya taruwa, kuma matsakaicinsa yana ruɗi. A ce ka sayi buhu 2 a kan 90,000 kowanne, da buhu 18 a kan 70,000. In ka haɗa farashin biyu ka raba, 80,000 za ka samu. Gaskiyar kuwa ka kashe 1,440,000 a buhu 20, wato 72,000. Saboda haka kada ka ajiye matsakaici a dunƙule. Ajiye jimillar naira da jimillar kilo, a raba su a lokacin da ake dubawa. Kayan sito kuma suna taruwa tsakanin sito da sito, amma ban da tsakanin wata da wata. Buhu 40 a ƙarshen Janairu da 35 a ƙarshen Fabrairu ba 75 ba ne, akasarinsu buhunan ne dai na da.

Mataki na takwas: mayar da shi al'ada

Tara duk umarnin a fayil ɗaya da ke gudana a jere, ka rufe shi tsakanin BEGIN da COMMIT. In batir ya mutu a tsakiyar aiki, PostgreSQL zai koma inda yake kafin ka fara, ba za a bar ka da rabin lodi ba. Gwada shi kuma: gudanar da fayil ɗin sau biyu a jere, jimilla ta tsaya yadda take. In ta motsa, maimaici ya samu ƙofa, koma mataki na uku.

Mu ranar Juma'a da safe muke yi, bayan kasuwar Maigatari ta Alhamis ta tashi kuma wakilai sun turo nasu. Ana loda ɗanye, a tace, a buɗe kwandon jira a yi kiraye-kirayen waya, a daidaita da ma'aji, sannan a sabunta dunƙule. Daga nan sai pg_dump, umarnin PostgreSQL na yin kwafin ajiya, ya kwafe rumbun gaba ɗaya zuwa filasha biyu, ɗaya a aljihuna, ɗaya a gidan ma'aji. Sau ɗaya a wata nakan ari kwamfutar ƙanina in dawo da kwafin a kanta, in duba jimillar riɗin Gujungu ko ta zo daidai da wadda ke tawa.